Kasuwar Tabar Ɗumamawa a Japan: Doka da Haraji Ne Suka Gina Ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi ƙarin bayani a kan wata magana da ake yawan kawowa duk lokacin da zancen taba ya taso, wato cewa Japan ta karya lagon sigari da wata 'yar na'ura mai ɗumama taba maimakon ƙona ta, don haka sauran ƙasashe ma su bi sahu. Alƙaluman da ake kawowa ba ƙarya ba ne, sai dai ana yanke zancen a tsakiya. Ruwa ba ya tsami banza. Dokokin ƙasar da tsarin harajinta ne suka share wa wannan kasuwa hanya, tun kafin likitoci su gama tantance abin da take yi wa jiki.

Da farko a san abin da ake magana a kai, domin mutane na haɗa shi da shisha ko sigarin lantarki mai ruwa, alhali ba ɗaya ba ne. Wannan ganyen taba ne na gaske. Ana niƙa shi, a kwaɓa da ruwa da gilisarin, a shimfiɗa shi fale-fale ya bushe, sannan a cusa a ɗan gajeren kara mai tsawon kusan santimita huɗu da rabi. Tabar da ke cikin karan IQOS, na'urar da ta fi shahara a wannan kasuwa, wajen giram 0.3 ce, bai kai rabin abin da ke cikin karan sigari ba. Bayan tabar akwai ɗan bututu, sai sashen da ke sanyaya tururi, sai audugar da ake sa wa a baki. Wutar sigari takan wuce digiri 600, idan aka zuƙa ma ta doshi 900. Ita kuwa na'urar IQOS ba ta barin zafi ya haura digiri 350, saboda haka ganyen ba ya kamawa da wuta. Gilisarin ɗin ne ke tashi ya zama tururi, ya ɗauko nikotin ya kai huhu. Babu toka, warin kuma bai kai na sigari ba, ko da yake wanda ba ya shan taba yana jin sa sarai. Kara ɗaya zuƙa 14 ne ko kimanin minti shida, duk wanda ya riga cika, na'urar ta kashe kanta.

Kamfanin Philip Morris ya fara gwada IQOS a birnin Nagoya a watan Nuwamban 2014, ya bazu duk ƙasar a 2016. A Afrilun shekarar ne wasu 'yan barkwanci suka yi ta yabon na'urar a wani shirin talabijin na dare, mutane suka yi mata caa, har ta yi wuyar samu a kantuna tsawon watanni. Japan Tobacco, wanda ake kira JT, ya fito da Ploom TECH a Fukuoka a 2016, British American Tobacco kuma ya ƙaddamar da glo a Sendai a Disambar shekarar. Har yanzu su ukun ne ke riƙe da kasuwar, kuma Philip Morris kaɗai na da kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan ɓangare.

A 1996, lokacin da cinikin sigari ya kai ƙololuwa, an sayar da kara biliyan 348 a Japan. A shekarar kuɗi ta 2020 adadin ya faɗi ƙasa da biliyan 100 a karon farko. Nan masu yabo suke tsayawa. Amma a wannan shekarar an sayar da karan tabar ɗumamawa biliyan 41, kuma ya ci gaba da hawa har ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na duk tabar da ake saye a ƙasar. Philip Morris ya ce a birnin Tokyo ma ta zarce sigari a farkon 2024. Sannan faɗuwar sigari ta girmi na'urar da shekaru masu yawa: a 1966 maza fiye da 80 cikin kowane 100 ne ke shan taba, a 2019 kuwa 27 ne. Binciken lafiya na gwamnati ya nuna masu shan taba, maza da mata a haɗe, kashi 16.7 ne a 2019, kuma wajen kashi 15.7 a 2023. Wato yawan masu sha ya ɗan ragu ne kawai, abin da ke hannunsu ne ya canza. Akwai kuma masu haɗa biyun, na'ura a gida da ofis, sigari a waje.

To me ya sa Japan, ba Ingila ko Amurka ba? Babban dalili shi ne ƙofar da aka rufe. A dokar Japan, ruwan nikotin na sigarin lantarki magani ake ɗaukarsa, ba a sayar da shi sai da amincewar ma'aikatar lafiya, kuma babu wanda ya samu wannan amincewa. Ganyen taba kuwa yana ƙarƙashin dokar kasuwancin taba ta 1984, wadda ma'aikatar kuɗi ke kula da ita. Ita gwamnatin ce kuma ke da kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin JT. Saboda haka mashayin da ke neman wani abu ban da sigari bai da zaɓi biyu. A Ingila irin wannan mutum sigarin lantarki ya koma, shi ya sa tabar ɗumamawa ba ta yi wani tasiri ba a can.

Amma a wajen haraji gizo ke saƙa. Da aka kawo waɗannan kararen, babu gurbinsu a dokar haraji, sai aka jefa su cikin rukunin tabar lofe, wadda ake yi wa haraji bisa nauyi: giram ɗaya daidai da karan sigari ɗaya. A duba yadda lissafin ya kasance kafin Oktoban 2018. Kwalin sigari mai kara 20 da ake sayarwa yen 440 (yen shi ne kuɗin Japan), harajin tabarsa kusan yen 245 ne. Kwalin karan IQOS nauyinsa giram 15.7, farashinsa yen 460, harajinsa yen 192. Na glo giram 9.8, haraji yen 120. Na Ploom TECH kuwa giram 2.8 kacal, farashi yen 460, haraji yen 34. Mai saye yana biyan kusan kuɗi ɗaya da na sigari, rarar harajin kuma tana zama a aljihun kamfani. Duk kamfanin da ya ga wannan riba, dole ya zuba kuɗi a talla da buɗe shaguna na musamman a manyan titunan Tokyo da Osaka, kuma haka aka yi. Daga baya gwamnati ta farga, ta ƙirƙiri rukuni na daban a 2018, ta mayar da lissafin rabi bisa nauyi rabi bisa farashi, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane Oktoba har zuwa 2022. Duk da haka tazarar ba ta rufe gaba ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da wanda bai san kasuwar ba ba zai lura da shi ba. A Japan ba a taya taba, ba a yi mata rangwame. Farashin kowane kwali sai ministan kuɗi ya amince da shi, kuma haka za a sayar daga Hokkaido har Okinawa. Amma na'urar ba taba ba ce a idon doka, kayan lantarki ce, don haka a kanta ake kokawar. A 2016 IQOS yen 9,980 ce. A 2022 an fito da sabon samfurinta mai suna ILUMA ONE a kan yen 3,980, an sayar da Ploom X ta JT a kan yen 1,980, wasu samfuran glo kuma sun sauko ƙasa da yen 1,000. Kamfani ba ya jin zafin asarar, domin karan wani ba ya aiki a na'urar wani. Tamkar a ba ka murhun gas kusan kyauta ne, amma tukunyar kamfanin kaɗai ke shiga bakinsa. Mai shan kwali ɗaya na TEREA, karan da ake sa wa ILUMA, kullum a farashin 2023, yen 580, zai kashe sama da yen 200,000 a shekara. Kuɗin na'ura ba komai ba ne a gefen wannan. Kuma ba sai an sha wahalar nema ba, ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana, 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, duk suna da kararen jere a bayan mai karɓar kuɗi, masu ƙamshin na'a-na'a da na 'ya'yan itace har da waɗanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2023.

Dokar hana shan taba a cikin gini ma ta taimaka. An yi wa dokar kiwon lafiya gyara a 2018 saboda shirin wasannin Olamfik na Tokyo, ta fara aiki sosai a Afrilun 2020. Gidan abinci zai iya ware ɗakin shan sigari, amma ba a ci ba a sha a cikinsa. Idan kuwa ɗakin na tabar ɗumamawa ne zalla, an yarda a kai abinci da abin sha. Mai na'ura yana zaune da abokansa da farantinsa a gaba, mai sigari sai ya tashi ya je ya tsaya a wani ɗan akurki. Ga mutanen da ke jin nauyin takura wa na kusa da su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidaje a biranen Japan ƙanana ne, a manne da juna. Magidanci ya fita baranda ya kunna sigari, hayaƙi ya shiga shanyar maƙwabci, gobe ƙorafi ya iso wajen mai kula da bene. Da yawa daga masu komawa na'ura dalilin da suke bayarwa ke nan: wari a tufafi, toka, da fushin iyali. Ba lallai lafiyar huhunsu ce a gaba ba.

Ita kanta na'urar tana da nata matsalolin. Tsohon samfurin IQOS yana da ɗan siririn tsinke na tangaran da ke shiga tsakiyar tabar ya ɗumama ta daga ciki. Idan mutum ya murɗa kara wajen cirewa maimakon ya ɗaga murfin tukuna, tsinken ya karye, na'ura ta tashi aiki. Ana so a share ramin da ɗan buroshi bayan kowane kwali ɗaya. Idan ba a yi ba, guntun ganye ya taru a gindin tsinken ya ƙone, ɗanɗano ya yi ɗaci, iska ta daina wucewa sosai, kuma abin da ake gudu, wato ƙonewa, shi ne ke faruwa. glo da Ploom X sun kauce wa wannan ta hanyar ɗumama kara daga gefe. A 2021 Philip Morris ya fito da ILUMA, wadda ba ta da tsinke ko kaɗan. An saka wani ɗan siririn ƙarfe a cikin kowane karan TEREA, na'urar na zafafa shi da maganaɗisu. Karyewa ta ƙare, shara ta ƙare, sai dai wata sabuwar damuwa ta kunno kai. Kararen gajeru ne, kuma da yake babu wuta a jikinsu, iyaye kan jefa wanda aka sha a kwandon shara ko su bar shi a kan tebur. Jariri mai rarrafe ya ɗauka ya sa a baki. Cibiyar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta yi gargaɗi kan haka tun 2017, ta sake yi bayan fitowar kara mai ƙarfe, domin yanzu ban da gubar nikotin akwai ƙarfe mai kaifi da zai iya yanka maƙogwaro ko hanji.

Batirin ma abin lura ne. Na litiyam ne, irin na waya. A tsananin sanyin arewacin ƙasar yakan ƙi ɗumama har sai an ɗan riƙe shi a aljihu, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma caji ya daina daɗewa. Da yake na'urar ta yi arha, mutane kan jefar da tsohuwa cikin sharar gida, motar shara ta matse ta, batir ya fashe, wuta ta tashi. Wannan ne ya sa gwamnati ta saka na'urorin tare da wayoyin hannu cikin kayan da dole kamfanoni su karɓa su sake sarrafawa.

A batun lafiya, a yi hattara da yadda ake juya kalmomi. A Yulin 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda Philip Morris ya ce wanda ya bar sigari gaba ɗaya ya koma IQOS yana shaƙar ƙarancin wasu sinadarai masu cutarwa. Ba ta yarda ya ce haɗarin kamuwa da cuta ya ragu ba, ta ce hujjar da aka kawo ba ta isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tsaya a kan cewa wannan taba ce kamar kowace, dokokin taba su hau kanta. Nikotin ɗin da ke kama mutum yana nan. Kansar huhu kuwa shekaru ashirin zuwa talatin takan ɗauka kafin ta bayyana, na'urar da ta bazu a 2016 ba ta yi tsufan da za a yanke hukunci a kanta ba.

Yanzu gatan da aka ba tabar ɗumamawa ya fara janyewa. Birnin Osaka ya hana shan taba a dukkan titunansa tun Janairun 2025, bai ware tabar ɗumamawa ba, tarar yen 1,000 ce ga kowa. Gwamnatin ƙasar kuma, wadda ke neman kuɗin ƙara wa rundunar tsaro, ta tsara daidaita harajinta da na sigari a matakai biyu, Afrilu da Oktoban 2026, sannan daga 2027 a riƙa ƙara rabin yen a kan kowane kara, na sigari da na ɗumamawa, har shekara uku. A nan za a ga ko kamfanonin za su haɗiye ƙarin ne ko su ɗora wa mai saye, da kuma ko masu arha irin glo za su ci daga kason Philip Morris.

Philip Morris da British American Tobacco ba baƙi ba ne a kasuwar Najeriya, kuma misalin Japan shi ne abin da kamfanonin taba ke fara ajiyewa a gaban hukumomi a ko'ina. Roƙona, ya Edita, duk ranar da wakilanka za su ɗauko adadin sigarin da ya ragu a Japan, su buga adadin karan ɗumamawa da aka sayar a gefensa, da kason mutanen da har yanzu ke shan taba, su kuma tambayi nawa ake biyan haraji a kan kowane kwali.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Kano