A nuna daba a fim, amma a nuna mana wanda aka sara

Assalamu alaikum Edita, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sammin fili a jaridar nan tamu in tofa albarkacin bakina kan finafinan nan masu dogon zango da suka cika gari, musamman waɗanda ake nuna daba da ƙwacen waya da shaye-shaye a ciki, don maganar ta daɗe tana damuna kuma yanzu duk inda mutum ya zauna, majalisa ce ko teburin mai shayi ko cikin adaidaita sahu, sai ya ji ana musu a kai.

Ni tela ne a nan Kano, kuma duk wanda ya san shagon ɗinki ya san wajen hira ne, masu kawo aiki su zauna, masu jiran kayansu su zauna, yara masu koyon aiki su jingina waya a jikin keke suna kallo suna kalmasa. To a nan nake jin ra'ayin mutane iri-iri. Dattawa da iyaye mata yawanci maganarsu ɗaya ce, a hana kawai, 'yan fim ne suke koya wa yaranmu riƙe wuƙa. Su kuma samari su ce haba Baba, ai abin da yake faruwa a unguwa shi ake nunawa, kafin a fara fim ɗin babu daba ne? Ni kuwa a nawa ganin kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Samarin nan suna da gaskiya a abu ɗaya, daba ta girmi YouTube nesa ba kusa ba. Tun muna yara muke jin faɗan unguwa da unguwa, muke ganin masu dawowa daga farauta da karnuka da gariyo, a Bauchi da Jos ana ce musu sara-suka, a Gombe kalare, babu ɗayansu da fim ya haifa. Su finafinan dogon zangon ma ai jiya-jiya suka zo. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo mana Daɗin Kowa, sai Kwana Casa'in a 2019, sai 2020 lokacin kullen korona da kowa yake zaune a gida kasuwar faifai kuma ta riga ta mutu, shi ne furodusoshi suka yi ca a kan YouTube, aka samu su Izzar So da Labarina da A Duniya, daga nan kuma sai ƙofa ta buɗe kowa mai kyamara ya shigo.

Hukumar tace finafinai ta Kano ma ba ta zauna ba. A 2021 zamanin Isma'il Na'abba Afakallahu ta ce a daina nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 Abba El-Mustapha da ya gaje shi a shugabancin hukumar ya sake hana finafinan daba da na 'yan daudu, sannan a watan Mayun 2025 aka dakatar da finafinai 22 a lokaci guda har da manya irin su Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, su kuma laifinsu rashin kai aiki a tace kafin a saki. Ban ce hukuma ba ta da hurumi ba, tana da shi, kuma duk wanda yake sana'a a gari dole ya bi dokar garin. Amma Edita tsakani da Allah, daga 2021 zuwa yau an daina ƙwacen waya a Kano? Har yau mutum idan magariba ta yi ba ya yarda ya ɗaga waya a bakin titi, mata suna cusa tasu cikin hijabi kafin su hau adaidaita. Kenan rufe kyamara bai rufe matsalar ba.

Kuma mun taɓa ganin inda nunawa ta yi amfani. A 2018 da BBC ta fitar da binciken nan na kodin, aka nuna yaranmu a ɗaure da mari a gidan gyaran hali, aka nuna yadda ake fitar da kwalaben ta bayan fage, ba a ɗau lokaci ba gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tarin mai kodin da shigo da shi. Shekara da shekaru malamai suna wa'azi iyaye suna kuka, amma sai da ido ya gani tukuna aka motsa. Don haka ni ba na cikin masu cewa a daina nunawa.

Inda nake tare da dattawa kuwa shi ne yadda ake nunawar. Ku lura da yawancin finafinan daban nan, wa ake ba kalamai masu daɗi? Ɗan daba. Wa ake sa wa kiɗa idan zai shigo, kyamara ta fara daga takalminsa ta hau a hankali har fuska, yaransa suna bayansa suna yi masa kirari? Ɗan daba. Shi ne mai barkwanci, shi ne mai zuciya, shi ne mai cika alkawari, shi 'yan mata suke so. Ɗan sanda kuma ko dai sakarai ne ko maciyin hanci, mai unguwa matsoraci, uban yaro ba shi da aiki sai faɗa. Sai an yi zango uku ko huɗu ana wannan sannan a kashi na ƙarshe a kama shi ko ya tuba cikin minti biyar, a ce ai mun nuna ƙarshen mugu. Wa ya tsaya ganin ƙarshen? Yaro ya riga ya haddace tafiyar da maganar tun a zangon farko.

Da idona na gani a lungunmu, yara ƙanana waɗanda ba su wuce aji uku na firamare ba sun dawo daga Islamiyya ko allo ba su ajiye ba, sun tsinci karan dawa sun soke a ƙugu, ɗaya ya karkace hula ya shaƙe murya yana ce wa ɗan uwansa kawo wayar, ɗayan ya miƙa masa fasasshen murfin roba, sauran suna ihu suna kiransa oga. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rigimar da suka yi kafin a fara wasan, kowa shi zai zama ogan, babu mai son zama ɗan sanda balle wanda za a yi wa ƙwacen, sai da suka tilasta wa ƙaramin cikinsu.

Wanda ake yi wa ƙwacen nan shi ne mutumin da ban taɓa gani da kyau a finafinanmu ba. Ana sararsa ya faɗi, kyamara ta bi masu gudu, shike nan an gama da shi. To ni na san shi. Akwai yaron da ya koyi aiki a hannuna, mai natsuwa, ya tara kuɗin ɗinkin sallah ya sayi waya don ya riƙa ɗora hoton aikinsa yana samun masu kawo ɗinki, wata rana bayan isha'i yana komawa gida suka tare shi, da ya riƙe wayar suka zuba masa ɗanbida, wato wuƙar nan ta 'yan daba, a hannun dama. Rai ya yi saura alhamdulillahi, amma jijiya ta taɓu, yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, almakashi ma da ƙyar yake riƙewa, mutumin da yake yanka babbar riga shi kaɗai yanzu sai dai ya yi guga da sa maɓalli. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta da 'yan kunnenta a kan magani. Wannan ba labari ba ne? Wallahi ya ishi zango guda cur, kuma duk yaron da ya kalli uwar nan tana ƙirga canji a bakin kantin magani ba zai fito yana sha'awar ɗanbida ba.

Su kansu jaruman ba na ganin laifinsu. Irin su Tijjani Asase da Daddy Hikima da aka fi sani da Abale aikinsu suke yi kuma sun iya, iyawar ce ma ta sa abin yake kama yara. Maganata da marubuta ce da daraktoci, su suke zaɓar inda kyamara za ta tsaya. Kwana Casa'in ya burge ni a nan, don da suka ƙirƙiro jihar Alfawa da gwamna Bawa Maikada ba su tsaya kan ƙananan 'yan ta'adda kawai ba, sun hau sama sun nuna masu riƙe da igiyar, yadda ake sayen 'yan jarida da yadda talaka yake mutuwa a kan abin da bai sani ba. Duk ɗan Kano ya san lokacin zaɓe wa yake raba wa yaran nan ƙwaya da kuɗin kashewa, kuma ya san wayar da aka ƙwata ba a cikin aljihun ɓarawon take kwana ba, akwai mai saye, akwai mai goge ta ya canza mata riga ya mayar kasuwa. Ina su a fim?

Sai kuma abin da kusan duk mai kallo yake kuka da shi, jan labari. Mun san dalili, YouTube da talla suke biya, iya yawan fitowa iya kuɗi, shi ya sa za ka sa datarka mai tsada ka kalli minti arba'in, goma a ciki talla ne na maganin gargajiya da filaye, goma tuna baya, sauran kuma mutum biyu suna zaune a falo suna maimaita abin da aka faɗa makon jiya. Labarina ma da muke so ya sha wannan suka lokacin da jarumai suka riƙa fita, aka canza mai fitowa a Sumayya bayan tafiyar Nafisa Abdullahi, mutane da yawa a shagona suka ce sun haƙura, sai da aka ɗauko sabon labarin Mainasara da Sadiq Sani Sadiq sannan suka dawo. A fim ɗin soyayya jan labari gundura kawai yake kawowa, amma a fim ɗin daba illa ce, don duk makon da aka ƙara, an ƙara wa ɗan daban kwana yana cin karensa babu babbaka a gaban yara.

Roƙona ga hukumar tace finafinai, maimakon sanarwar hani da ake yi lokaci-lokaci, ta zauna da marubuta tun labari yana kan takarda, ta tambaye su ina wanda aka zalunta, ina iyayensa, a kashi na nawa hukunci zai zo. Su kuma furodusoshi su je su zauna da masu jinyar sara a asibiti da 'yan sintirin unguwanni da iyayen da 'ya'yansu suke gidan yari kafin su rubuta, za su samu labarin da ya fi wanda suke ƙirƙira a ɗaki. Mu iyaye kuma wayar nan tamu ce yaran suke kallo da ita, mu muke miƙa musu don su bar mu mu huta.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zuri'a.

Naku mai karatu kullum,
wani tela daga birnin Kano