Shawara ga Sababbin Marubuta Daga Rumfar Mai Sayar da Littafi

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da matasan da ke son fitar da littafinsu na farko. Sana'ata sayar da littattafan Hausa a Kano, kuma abin da ke damuna shi ne gaggawar da suke yi zuwa maɗaba'a, labari bai nuna ba.

Na lura mai saye abu biyu yake dubawa: bayan bango da shafin farko. Yawancin sababbin marubuta kuwa sai su cika shafuka uku da godiya da sadaukarwa da tukuici, sannan labarin ya buɗe da kwatanta hancin yarinya da irin motar saurayinta. Kafin a zo inda rigimar take, mai saye ya mayar da littafin kan tebur. Ku fara daga inda abu ya faru. Godiya ta koma ƙarshe, ba wanda zai yi fushi.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A rubuta "kasa" inda ake nufin ƙasa, a raba "yana" gida biyu, a haɗe "za ta" wuri guda. Malaman makaranta suna zuwa neman abin da za su ba ɗalibai, da sun ga haka sai su girgiza kai su wuce, an yi asarar cinikin aji guda ke nan. Ko littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 sai da Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar a lokacin, ya bi su da gyara kafin a buga. To, wane ne ya fi ƙarfin mai tacewa? Ku kai wa malamin Hausa a kwalejin ilimi ko jami'a, ku biya shi haƙƙinsa. Ku kuma karanta hirar taurarinku da ƙarfi. Duk maganar da bakinku ya ƙi ɗauka, ba haka mutane ke faɗinta ba.

Game da talla, kada ku dogara da bikin ƙaddamarwa. Alkawuran da manya ke yi a gaban lasifika ba duka ake cikawa ba, kuma ga kuɗin zaure da na abinci. Gara ku saki babi biyu ko uku a WhatsApp da Facebook, ku ji abin da masu karatu za su ce, amma kada ku saki littafin gaba ɗaya, domin da ya fita ya zama na kowa. Ku kai kwafi gidajen rediyon da ke karanta littattafai, tunda matan aure, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikinmu, can suke fara jin labari. Ku riƙa halartar zaman ƙungiyar marubuta ta ANA a jiharku. Mata kuma ga Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016.

Idan an zo bugu, a fara da kaɗan, takarda ta yi tsada. Duk wanda kuka ba littafi ya sayar muku, har da ni, ku rubuta adadi da farashi da ranar biya, kowa ya sa hannu.

Na gode.

Mai sayar da littattafai,
Sabon Gari, Kano