Tattabarata ta yi tafiya

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina gajiya, ya iyali, ya aiki? Saƙonka ya iso tun watan jiya, kana tambaya ko na ajiye fensir ne da shiru ya yi yawa haka. Ka yi haƙuri. Abin da ya riƙe ni shi zan ba ka labari yanzu, don tun daren jiya bakina yake ƙaiƙayi, kuma ba wanda zai gane daɗin da nake ji kamar kai.

Tattabarar nan ta yi tafiya!

Ka tuna tattabarar zane mai motsi da na turo maka bara, ka ce kamar kaza ce ta ji kiɗa? Na ji zafi ranar, amma gaskiya ka faɗa. Wata huɗu na yi ina fama da ita. Daƙiƙa shida ce kacal, sai dai ka san lissafin: fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, ni kuwa ina barin kowane zane ya zauna sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 72 ke nan gaba ɗaya. Sau uku ina zana 72 ɗin nan ina watsarwa. Ƙafafu daidai, jela daidai, saukar jiki da tashinsa a kowane taku duk na kiyaye, amma da na kunna sai in ga abu ba rai.

Ashe a wuya matsalar take. Kowa ka tambaya zai ce tattabara tana kai kanta gaba ta dawo da shi baya, kuma haka na zana. Ran nan na zauna da waya na ɗauki wasu guda biyu suna kiwo, na rage gudun bidiyon, na manna ɗan tsinken takarda a fuskar wayar daidai inda idon ɗayar yake. Wallahi idon bai bar tsinken nan ba har jiki ya taho ya shige ƙarƙashinsa. Kan ba ya komawa baya ko kaɗan. Cilla shi take yi gaba, ta tsayar da shi cak kamar an kafe shi da ƙusa a iska, jiki ya cim masa, ta sake cillawa, sau ɗaya a kowane taku. Idonmu ne yake ruɗar mu. Na koma kan tebur na bar kan a wuri ɗaya na tsawon zane uku, na cilla shi a zane ɗaya, na kunna. Na daɗe zaune ina maimaita shi, ƙwalla har ta cika mini ido.

Daga baya na karanta cewa wani masani a Kanada, Barrie Frost, ya gwada wannan tun 1978. Ya ɗora tattabaru a kan injin nan na motsa jiki da ƙasansa ke tafiya kai kana wuri ɗaya. Da suka ga abin da ke kewaye da su ba ya wucewa, sai suka daina cilla kan. Wato don gani take yi: tana tsayar da ido ne hoto ya zauna mata, ta ga ƙwaya ta ga maƙiyi. Tun da na san haka ban sake kallon tsuntsu yadda nake kallonsa da ba.

Kai kuma kada ka cika baki, don ban manta dokin da ka zana mana a bayan littafin lissafi ba, ƙafafun gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya, kamar an shanya shi. Amma bari in kare ka: manyan masu zane na Turai ma haka suka yi ta zana sukuwa shekara da shekaru. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamara 12 a Palo Alto ta Amurka, doki ya wuce yana tsinka zaren da ke kunna su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka nuna lalle akwai lokacin da kofato huɗun duk suna sama, amma a dunƙule suke ƙarƙashin ciki. Ka ga kana da manyan abokan kuskure.

Af, mutumin naka ya sayi allon zane na kwamfuta, ya ce nan da wata biyu zai wuce mu duka. Na saka masa manhajar zane ta Krita, tunda kyauta ce, na nuna masa yadda ake ganin inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabo. Kwana uku ya yi yana zana ƙwallo tana faɗowa tana tashi, yanzu ya ce shi zaki yake so. Ƙanwata kuma ta ce in gaya maka har yau tana jiran fentin ruwan da ka yi mata alkawari, kuma ta ƙirga shekarun.

Ni dai har yanzu a takarda nake fara komai. Hannuna ya fi jin fensir, kuma ina son sautin takardu idan ina karkaɗa su da yatsu don in ga motsin kafin kwamfuta ta gani. Kwanan nan ina yawan duba zanen wata mata, Maria Sibylla Merian, haifaffiyar Jamus, wadda ta hau jirgin ruwa zuwa Suriname ta Kudancin Amurka a 1699 tana da shekara 52, ita da 'yarta, don kawai ta zana ƙwari. A shafi ɗaya za ka ga ƙwai, ga tsutsa, ga kwanson da ta shiga, ga malam-buɗe-littafi ya fito, duk a kan ganyen da suke ci, har ramukan da tsutsar ta huda a ganyen ta zana. Ba ta da kyamara. Zama ta yi ta jira. Idan na gaji da zane na 50, ita nake tunawa.

Abin da ke damuna yanzu launi ne. Wuyan tattabara yana sauya kore da shunayya gwargwadon yadda haske ya faɗa masa, kuma ina tsoron in na sa fenti in kashe layin fensirin da ya ba ta rai. Rabin zuciyata ta ce in bar ta baƙi da fari. Ka kalla ka gaya mini gaskiya kamar yadda ka saba, ko da za ta yi zafi.

Bayan ita hawainiya nake so, saboda rangajin nan da take yi gaba da baya kafin ta ajiye ƙafa, ga idanu biyu kowanne da inda yake kallo. Na riga na cika shafi tara da yatsunta kaɗai.

Yaron naka yana nan yana zane a bango? Kada ku hana shi, ku manna masa babbar takarda a wurin. In ka ga wani tsuntsu a can yana tafiya a ƙasa, ka durƙusa daidai tsayinsa ka ɗauko mini, daƙiƙa goma ta isa, amma ka riƙe wayar kada ta motsa. Zan turo maka tattabarar yau da daddare. Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.