Lambun tsakar gida: a kula da garin katako, baƙin mai da ruwan rini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin mu sa baki a maganar lambun cikin gida. Tun da kayan miya suka yi tashin gwauron zabo, duk inda mutum ya juya sai ya ji ana cewa kowane gida ya shuka abin miyarsa. Shawarar tana da kyau, sai dai a kan tsaya ne a "ku shuka", ba a faɗin yadda za a yi. Mu mata da miji ne, maigida kafinta, uwargida kuma saƙar faifai da tabarma take yi. Gidaje irin namu suna da yawa, kuma a cikinsu ragowar kayan sana'a lambu take nufa. Wata ragowar tana raya shuka, wata kashe ta take yi.

Mu fara da akwatin shuka, tun da yawancin tsakar gida yanzu siminti ne ko ƙasa mai tauri. Falanki biyu masu tsawon ƙafa 12 sun isa. A yanke kowanne gida biyu, ƙafa 8 da ƙafa 4, sai ga gefe huɗu ba tare da asarar ko guntu ba. Kada faɗin ya wuce ƙafa 4, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane ɓangare ba sai an taka ƙasar ba. Ƙasar da ake takawa tana danƙarewa, saiwa ta kasa ratsa ta. A kowace kusurwa a tsayar da guntun tu-bai-tiri, wato katako mai inci 2 da 3, daga ciki, a buga falankin a jikinsa da ƙusa mai inci 3. Kada a haɗa falanki da falanki baki da baki, domin ƙusar da ta shiga ta kan katako ba ta riƙo, ranar da ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi sai kusurwar ta buɗe. A tsakiyar dogon gefen ma a kafa turke ɗaya, in ba haka ba falankin zai yi ciki. Idan bakin katako yana tsagewa, a ɗan daki tsinin ƙusar da guduma ya dakushe kafin a buga.

Ɗanyen katako shi ne babban abin da ke ba kafinta kunya. Ana haɗa shi lafiya lau a ƙarshen damina, hunturu na busawa sai ya tsuke, ya murɗe, ƙusa ta yi sako-sako. A jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a bar shi wata biyu ko fiye.

Idan faɗin falankin ƙafa ɗaya ne, akwatin nan zai ci kusan bokitin fenti 45, irin mai lita 20. A haɗa 20 na ƙasar gona, 15 na ruɓaɓɓen taki, 10 na yashi. Idan a kan siminti ne, a bar 'yar kafa a ƙasan gefe ɗaya ruwa ya riƙa fita. Kuma a nisanta shi da katanga aƙalla ƙafa biyu, musamman ginin ƙasa, domin danshin yau da gobe yana cin gindin bango.

Sai gara. Farin katako mai laushi ba ya shekara biyu a jikin ƙasa mai danshi. Kirya da azarar giginya suna jurewa, amma ba kowa ke samun su ba. Abin da mutane suka saba shi ne shafa baƙin mai, kuma a nan muke roƙo da babbar murya a daina, muddin abin ci za a shuka. Man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, zafin rana yana narka shi ya tsiyaya cikin ƙasar da alayyafo ke sha. Maganin gara na gwangwani ma na rufin ɗaki ne da ƙyaure. Abin yi shi ne a babbake fuskar katakon da za ta taɓa ƙasa har ta yi baƙi, a goge, a ɗora akwatin a kan jan bulo, sannan a lulluɓe gefen ciki da baƙar leda mai kauri. Gefe kawai, in aka shimfiɗa ta har ƙasa, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Masu amfani da katakon falet, wanda ake ɗora kaya a kai, su duba hatimin da ke jikinsa. Mai HT da zafi aka gasa shi, babu laifi. Mai MB hayaƙin guba aka yi masa, a bar shi.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami: garin katako. Kowane kafinta yana tara buhu-buhu, kuma da yake yana da laushi, yana kama da taki, sai a juye shi cikin ƙasa a cakuɗa. Bayan mako biyu ko uku sai a ga ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa, shukar ta tsaya cak, ba ta mutu ba kuma ba ta girma. Sai a zargi iri, ko a ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Dalilin shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da katako suna buƙatar naitirojin, wato sinadarin nan da manomi ke saye a buhun yuriya, kuma katako kusan ba shi da shi. Don haka sai su kwashe wanda ke cikin ƙasa, su bar shuka da yunwa. Wanda ya riga ya faɗa wannan rami ya narka cokalin cin abinci ɗaya na yuriya a lita 10 na ruwa, ya zuba a gindin shuka da yamma, ban da kan ganye, sau ɗaya a mako har sau uku.

Hanyar da ta fi ita ce garin ya bi ta akurkin kaji tukuna. A shimfiɗa shi kaurin inci 3, kaji su yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu a kai, a kwashe. Wanda ba ya kiwo ya haɗa bokiti ɗaya na gari da biyu na kashin awaki ko na kaji, ya ƙara ɓawon kayan miya da ɗanyen ganye. A tara shi tsibi a inuwa, nesa da ƙyaure da ɗakin ajiyar katako saboda gara, a yayyafa ruwa har in an damƙa a hannu ya dunƙule amma bai ɗiga ba, a rufe da tsohon buhu. A soka guntun rodi a tsakiya. Bayan kwana uku in an zaro shi da zafi, aiki ya kama. In da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashi ya yi kaɗan. In yana warin fitsari mai hawa kai, kashi ya yi yawa, a ƙara gari. A riƙa juyawa duk mako biyu. Takin da ke da garin katako ba ya nuna da wuri, a ba shi wata huɗu zuwa shida, sai ya yi baƙi, yana ƙanshin ƙasar farkon damina, ba a iya gane garin a ciki. Kada a zuba toka a kan ɗanyen kashin kaji, tana korar amfaninsa ya bi iska. Garin filawud da na allon MDF, wato na matsattsen garin katako, da na katako mai fenti kuwa ba na taki ba ne, gam ne a ciki, kuma guntayensu ba na murhu ba ne.

Ban ruwa ba shi da wuya. A bazara akwati ɗaya yana shan jarka guda mai lita 25 a rana, rabi da safe rabi da yamma, da hunturu kuma kusan rabin haka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, ban da na omo.

Ta ɓangaren uwargida, abin lura shi ne ruwan rini. Karan dafi da aka dafa da kanwa yana ba kaba ja mai kyau, amma ragowar ruwan kanwa ce zalla, in ana zuba shi a lambu ƙasa za ta yi fari-fari a sama, shuka ta ƙone daga bakin ganye. Ruwan galura na kasuwa ya fi shi illa. A haƙa masa rami daban. Guntayen kaba marasa rini kuwa su tafi tsibin taki, a daddatsa su domin suna da taurin ruɓewa.

Lambun ma yana biyan mai saƙa. Layi ɗaya na rama a gefen akwati yana ba da ganyen kwaɗo, ya kuma ba da igiya. A shuka ta kusa da kusa, tazarar yatsu huɗu, domin karan ya miƙe ba rassa. Da ta fara fure a yanke, a zage ganyen, a ɗaure karan dami-dami a nutsa a ruwa kwana 10 zuwa 14, a rufe robar saboda sauro da wari. In an cire da wuri ɓawon ba ya saki, in an bar shi ya wuce zaren ya yi rauni yana tsinkewa a hannu. Da wannan igiya za a ɗaure tumatir a jikin siraran guntayen katakon shago, kuma in kaka ta wuce ita ma ta koma taki. Ga tsutsa da ɗarɓa, a daka busassun ƙwayar 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa a lita 10 su kwana, a tace, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye.

Akwai kuma maganar lafiya, tun da tsakar gida ɗaya ce ake girki, ake shanya, ake goge katako. Tun 1995 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar. Maigida ya sa takunkumi, ya yi aikin sanfefa a zaure ko a inda iska ke fitar da ƙura waje, ba lokacin da uwargida ta baza kuɓewa ko kaba ba, kuma a yayyafa ruwa kafin shara. Zarto da kurfi da basilla a rataye su sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Roƙonmu, Malam Edita, shi ne shafinku na noma ya riƙa tuntuɓar malaman gona, irin na cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru, su kawo bayanin lambun gida da awon bokiti da jarka da cokali, domin da su ake aiki a tsakar gida.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Kafinta da maiɗakinsa mai saƙa,
Zariya.