Lissafin Omaha da na zauna na yi da ƙanina

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidanmu ta cikin waya. Ni malamin lissafi ne a sakandare, ƙanina kuma ya shiga wasan kartar nan ta intanet da suke ce wa foka, nau'in Omaha, kuma duk sanda na yi masa faɗa sai ya ce Yaya ai wannan ba caca ba ce, ƙwaƙwalwa ce, kuma kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba, teburin santi 1 da santi 2 yake zama, da dala 2 ake shiga. Na kawo masa ayar Suratul Ma'ida ta 90 ya yi shiru, washegari ya koma. Toh sai na ce tunda lissafi yake taƙama da shi, zo mu zauna da biro da takarda, fagena ne.

Ga wanda bai sani ba, wasan daga Amurka ya fito, sunan wani birni ne ma a jihar Nebraska. Karta 52 ce, ana ba kowa guda 4 a hannu, a shimfiɗa 5 a tsakiya, fara da 3 sai ɗaya sai ɗaya, kuma dole ka haɗa 2 daga hannunka da 3 daga na ƙasa, ba ƙari ba ragi. Nan ma da yawa ke faɗuwa, mutum ya ga karta huɗu masu alamar zuciya a ƙasa yana riƙe da ɗaya tal ya ɗauka ya haɗa iri guda biyar, alhali ba shi da komai. Kuma karta 4 na nufin haɗi 6 ne a hannun kowa, shi yasa abin da kake gani babba a hannunka sau da yawa na kusa da kai ya fi shi.

Na ce masa ya nuna min hannu ɗaya da ya yi asara a kai yana ganin rashin sa'a ne. Ya buɗo. A ƙasa akwai K da 9 masu alamar zuciya, da 4 da 2 na wasu alamun, saura karta ɗaya a buɗe. Shi cikin karta 4 da ke hannunsa akwai A da 7 masu zuciya. Abokin karawarsa ya zuba daidai da kuɗin da ke tsakiya, shi kuma ya bi ba tare da ya tsaya tunani ba, wai ai in zuciya ta fito nasa ne mafi girma.

Na ce to mu ƙirga. Masu zuciya 13 ne, ka ga 4, saura 9. Kartar da ba ka gani ba 44. Tara cikin 44 kusan kashi 20 cikin 100 kenan, sau ɗaya a biyar. Amma tsaya, mutumin nan K biyu yake riƙe da su kamar yadda aka gani a ƙarshe, da na ƙasa sun zama uku, in 4 mai zuciya ko 2 mai zuciya ta fito ƙasa ta yi tagwaye, shi ya haɗa uku da biyu ya doke ka duk da zuciyarka ta zo. Kenan 7 ne naka na gaskiya, wajen sau ɗaya a shida. Yanzu kuɗin, mu ce naira ce don sauƙi: 1,000 a tsakiya, ya ƙara 1,000, kai za ka saka 1,000 don ka ci 2,000, wato sai kana ci sau ɗaya a uku kafin ka tashi ba riba ba asara. A sau shida za ka zubar da 5,000 ka kwashi 2,000. Ina rashin sa'a a nan? Ya ce ai in ta fito zai ƙara tatsar mutumin a zagayen ƙarshe, na ce zuciya ta uku a ƙasa kowa yana ganinta fa, shi ma ba makaho ba ne.

Wallahi abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, don wannan kuskure ne da mutum zai iya gyarawa. Kamasho ne. Shafukan nan suna yankar wani abu daga kuɗin tsakiya, a ƙananan tebura wajen kashi 5 cikin 100, kuma ba ruwansu da wanda ya ci. Mutum biyu kowa ya saka 1,000, an cire 100, mai nasara ya ɗau 1,900. In ƙwarewarku ɗaya, kowannenku na asarar 50 a duk zagaye in aka yi matsakaici. Sai kana ci fiye da kashi 52 da rabi kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai. Ga shi Omaha wasa ne da hannaye ke kusa da juna sosai, ko A biyu, wato karta mafi girma, ka samu tun farko, a gaban karta 4 da aka raba wa wani haka kawai damarka wajen biyu ce cikin uku, in kuma nasa masu kyau ne ta ragu. Ɗan fifikon da kake wahalar nema shi ake yanka. Kuma saboda ana ci ana faɗi da yawa, mutum zai yi sati yana ci ya rantse ya iya, wata biyu yana faɗi ya ce ƙaddara ce.

Ban ce babu ƙwarewa a ciki ba, akwai, ba zan yi wa ƙanina ƙarya don in ci gardama ba. Amma kuɗin da gwani ke ci daga aljihun irin su ƙanina yake fitowa, su da ke wasa ƙarfe biyun dare da datar da suka ranta.

A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, mun ji daɗi, sai dai wannan ba shi da shago balle a garƙame, yana ƙarƙashin bargo ne. Shi yasa nake roƙonku Malam Edita, bayan wa'azin da malamanmu ke yi, ku ba malaman lissafi fili su riƙa warware irin waɗannan alƙaluman da Hausa, don yaran nan da lissafi aka ja su. Ƙanina dai bai ce min ya daina ba, amma ya karɓi littafin da na ba shi a kan zai rubuta duk abin da ya saka da wanda aka yanka na wata guda, ƙarshen wata mu sake zama. Ku sa mana shi a addu'a.

Naku,
Wani malamin lissafi daga Zariya