Godiya ga masu gyaran da suka tayar mini da injin wanke kwanuka

Zuwa ga mai shagon gyaran injinan gida da ke Tarauni, da yaran shagonsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar da yaronku ya gama aiki a gidana na yi masa godiya a bakin ƙofa, amma raina bai gamsu ba. Wata biyu na yi ina ƙorafi a kan masu gyara, a gidan biki da gidan suna, har ƙawayena suka gaji da jin labarin injina. Tunda tsinuwar a bainar jama'a na yi ta, yabon ma gara in yi shi inda kowa zai ji.

Injin wanke kwanuka ne, ƙirar Jamus. Alhaji ya saya mini shi a 2021, bayan likita ya ce in rage doguwar tsayuwa saboda ciwon gwiwa. Mu goma sha ɗaya ne a gida, har da 'ya'yan 'yan'uwa da ke karatu a Jami'ar Bayero. Wanda bai taɓa tarar da tulin kwanuka bayan shan ruwa ba, bai san abin da injin nan ya ɗauke mini ba. Na sha jin ana cewa kayan gayu ne, wasu ma su ce lalaci. Su je su tambayi mai garuwa. Injin yana gama wanki guda da lita 10 zuwa 12, abin da bai kai rabin jarka ba, mu kuwa in da hannu ne jarka biyu ba ta kai mu ko'ina.

Ranar huɗu ga azumi ya tsaya. Sai ya fara wanki lafiya ƙalau, can ka ji yana wani gurnani a ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya rubuta E25 a ɗan gilashinsa. Kana buɗe ƙofa ka tarar da ruwa kwance, maiƙo na yawo a kai.

Na farkon da aka kawo mini mai gyaran firiji ne. Bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya danna nan, ya danna can, ya kara kunne a jikin injin kamar mai duba mara lafiya, ya miƙe yana girgiza kai: "Hajiya, fanel ne ya ƙone, kin san wutar nan tamu." Fanel shi ne allon lantarkin da ke sarrafa injin. Da yake wuta ta taɓa ƙona mana talabijin, ban yi musu ba. Ya ce naira 90,000 za a sayo sabo daga Legas, na ba shi 40,000 kafin alƙalami. Daga ranar na shiga jin labarin mota. Yau ta taso, gobe ta lalace a Lokoja, jibi direban ya tafi ta'aziyya. Na biyu mai gyaran famfo ne, shi kuma ya rantse tiyon da ke fitar da ruwa ne ya toshe. Ya yanka tiyon gida biyu, bai ga komai a ciki ba, ya ɗaure shi da robar tayar keke, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Na ukun ne ya fi ƙona mini rai. Ya ce sai dai a ɗora injin a adaidaita sahu a kai masa shago. Ni kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, don na taɓa ba da keken ɗinkina aka dawo mini da shi da kayan cikin wani. Da na ƙi, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai injin ya riga ya mutu, in sayar masa, wai 'yan gwangwan ma ba za su ba ni abin da zai ba ni ba.

Haka muka ƙare azumi muka yi salla a kan wanke-wanken hannu, injin ya koma ma'ajiyar ledoji.

Matar ƙanina ce ta ba ni lambarku, ta ce ku kuka gyara mata injin wanki. Na kira ba da wani zato ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tambayoyi. Wace lamba yake nunawa? Ruwan yana shiga ne ya ƙi fita, ko shigar ma ba ya yi? Kuka ce in buɗe ƙofar in duba gefenta, akwai 'yar takarda mai ɗauke da lambar ƙirar, in turo hotonta. Shekara da shekaru ina buɗe ƙofar nan ban taɓa lura da takardar ba. Kuka faɗa mini kuɗin dubawa naira 5,000 ne tun a waya, kuka ce ƙarfe goma na safe. Goma saura aka buga ƙofa. Wallahi ko shiryawa ban yi ba, don a sanina goman mai gyara bayan la'asar take.

Yaron da kuka turo ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, siriri, da jaka a kafaɗa. Ya yi sallama ya tsaya sai da aka ce ya shigo, ya cire takalmi a ƙofar kicin. Ya ce, "Mama, a taimaka mini da tsohon tawul da roba da cokali." Na ce a raina, to, ga wani kuma, da cokali za a yi gyaran.

Kafin ya taɓa komai sai da ya zare filogi daga soket, ya rufe famfon da ke ba injin ruwa. Ya janye kwandon ƙasa, ya murɗa wata 'yar matata da ke tsakiyar gindin injin ya ɗago ta. Na ji kunya ranar nan. Manja ya daskare a jikinta, ga ƙanzon tuwo, ga ɓawon albasa, ga takardar da ake liƙawa a gindin sabon kofi. Bai ce uffan ba, ya miƙa wa yarinyar da ke taya ni aiki ya ce ta wanke da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori. Ya kwashe ruwan da ke kwance da kofi, ya tsane ragowar da soso. Sannan cokalin ya yi aikinsa: da shi ya ɓanɓaro wani ɗan murfin roba da ke gefen ramin. Ya haska tocilar wayarsa, ya ce kada kowa ya taɓa cusa yatsa a nan, fasasshiyar kwalba ta fi son wurin. Ya sa ɗan siririn filaya yana zarowa yana jerawa a kan faranti: ƙwallon dabino guda, tsinken sakace biyu, da wani ɓallin kofin gilashi kamar farcen ɗan yatsa.

Na ce, "Ɗana, fanel ɗin fa?"

Ya ce, "Mama, fanel ɗinki lafiyarsa ƙalau. Shi ne ma yake ta faɗa miki abin da ke damunsa."

Ya yi mini bayani cewa a irin wannan injin, E25 na nufin famfon da ke zuƙe ruwan datti ya toshe, ko murfinsa bai zauna daidai ba. Ƙwallon dabinon ne ya cije 'yar farfelar famfon ta kasa juyawa, gurnanin da nake ji kuwa ɗan injin famfon ne ke ƙoƙari. Ya mayar da murfin har ya yi ƙas, ya sauya tiyon da aka yanka, ya auna wutar soket da mitarsa, ya kunna. Da na ji ruwa na gudu zuwa magudana sai na zauna a kujera ina ta hamdala, yara na yi mini dariya. Duka-duka aikin bai kai awa guda ba.

Da wani ne, a nan zai karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, ya bar ni in sake toshe shi ya sake dawowa. Shi kuwa ya tsaya kusan wata awar yana koya mana. Ya ciro farfelolin da ke fesa ruwa, na sama da na ƙasa, ya ɗaga su ga haske, muka ga rabin hudojin sun liƙe da wani farin abu. Ya ce wannan daga ruwan burtsatsenmu ne, shi ne kuma ke sa kofuna fitowa da hazo-hazo. Ya buɗe wani murfi a gindin injin ya tambaye ni yaushe rabon da in zuba gishiri. Ni ban ma san injin na cin gishiri ba. Ashe akwai wani sashe a ciki da ke tausasa ruwa, kuma gishirin ne ke farfaɗo da shi. Ya ja mini kunne kada in zuba na miya, akwai nasa na musamman mai manyan ƙwayoyi, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Ya kuma gargaɗi yarinyar a kan sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Ya ce kumfarsa kan tumbatsa ta gangara wani faranti da ke ƙarƙashin injin, injin ya ɗauka yoyo yake, ya rubuta E15 ya ƙi aiki. Sai ta sunkuyar da kai, na gane an taɓa yi.

A bayan injin, inda tiyon ruwa ke shiga, ya zaro wata 'yar raga cike da yashi, ya ce in sa a wanke tankinmu. Ya leƙa ta taga ya ga inda tankin yake, ya ce mun yi sa'a gidan bene ne. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da ƙarfin ruwa kimanin "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, injin kuwa yana neman aƙalla rabin haka, shi ya sa masu tanki a kan ɗan gajeren ƙarfe suke fama da injin da ba ya cika. Batun janareta ma ya ce in daina gwadawa da ƙaramin, domin abin da ke ɗumama ruwan kaɗai yana jan wajen wat 2,000. Ya ce muciya da ludayin duma da akushi su yi zamansu a waje, zafin da kan kai digiri 70 zai tsattsaga su, tukwanen alminiyam kuma baƙi za su yi. Wannan na riga na gani da idona, na daɗe ina zargin mai tukwane da sayar mini da jabu.

Na biya kuɗin dubawa da na tiyo, ya rubuta mini rasit. Na ƙara masa wani abu na ce ya sha ruwa, sai da na ɓata rai kafin ya karɓa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a garin nan shi ne, da wuya ka ji mai gyara ya buɗe baki ya ce wannan ba fannina ba ne. Kowa injiniya ne. Wanda ya yi wata shida a gindin ubangidansa yana miƙa sukudireba, gobe ya kafa allo yana gyara komai, daga fanka har na'urar asibiti. In abu ya gagare shi sai ya ɗora wa wuta, tunda ita ba ta da bakin musu. Masu sayarwa ma ba su tsira ba. Su miƙa maka injin da littafinsa da Jamusanci, ba wanda zai ce maka ga gishiri, ga matata, ga abin da ake yi duk mako. Wata ƙawata an sayar mata da wanda aka kawo daga Amurka, mai amfani da wuta volt 120, ba a ce mata sai da taransifoma ba, alhali wutarmu 230 ce. Sau ɗaya ta kunna shi. Mu masu kira ma da namu laifin, ban cire kaina ba. Muna son mai araha, muna yi wa gwani tayin wulaƙanci, sannan ba mai buɗe ɗan littafin nan ko da Turanci yake. Daga baya na samo nawa a ƙasan durowa, har hoton cokalin nan yana ciki.

Ƙorafina ɗaya a kanku, allon shagonku ya koɗe. Da na aiki direba ya karɓo gishirin, sau biyu yana wuce ku bai gani ba. Don Allah a sabunta shi. Shi kuma yaron nan a riƙe shi da kyau, Allah ya yi masa albarka, ya saka wa iyayensa da wanda ya koya masa sana'a.

Yanzu duk Asabar ana wanke matata, ana kuma kaɗe faranti tas kafin a jera. Ƙwallon dabinon na nan na ajiye a cikin wani ɗan kofi a kan firiji. Makon jiya mai fanel ya kira ni, wai kaya sun iso, in shirya cikon 50,000. Na kara masa wayar a jikin injin ya ji yana aiki, na ce kuɗina nake so. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a.

Wassalam,
Wata uwa daga Hotoro, Kano