Zuwa ga ɗana mai kiwon halittu a kwamfuta

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na kalli bidiyon da ka turo mini har sau uku. 'Yan halittun nan da kake kiwo a cikin kwamfuta, suna neman abinci, suna haihuwa, suna mutuwa, sun shiga raina ƙwarai. Na kuma ji kukanka: wata biyu kana rubuta manhajar, kana so su koyi tafiya, sai suka ɓuge da birgima, har ka ce za ka goge komai. Kada ka goge.

Abin da ya same ka ya sami waɗanda suka riga ka. A 1994 wani masanin kwamfuta, Karl Sims, ya haɗa halittu da 'yan tubala a babbar kwamfuta, ya bar su suna hayayyafa, kowace zuriya da ɗan sauyi a kan abin da ta gada. Wasu suka koyi iyo, wasu tsalle, wasu bin haske. Da ya ɗora maki a kan sauri, sai ga wasu sun fito dogaye kamar gora, su miƙe su faɗi rim, faɗuwar nan ta zama musu gudu. Abin da ya auna shi suka ba shi. Dole ya koma ya gyara ma'aunin. Kai ma, kafin ka zargi halittunka, je ka duba abin da kake saka musu da shi. In nisa kawai kake aunawa, ai mai birgima ya fi mai koyon tatata.

Ni da zan zaɓa maka, da ka cire makin gaba ɗaya. Ka bar musu ƙarfin jiki: wadda ta ci ta rayu ta haihu, wadda ta rasa ta mutu. Haka Léo Caussan ya yi a wasansa The Bibites, kowace halitta da 'yar ƙwaƙwalwarta ta lissafi, yunwa ce alƙali. Tun 1990 ma Thomas Ray, masanin halittu, ya saki wata 'yar manhaja mai umarni 80 da ke kwafar kanta a cikin Tierra, wata 'yar duniya da ya ƙirƙira a kwamfuta. Can sai ga wata mai umarni 45 ta ɓullo, ba ta iya kwafar kanta, sai ta raɓi maƙwabciyarta ta ari dabararta. Kaska ke nan, kuma babu wanda ya rubuta ta. Irin wannan abin mamaki kake nema, kuma ba ya zuwa wa mai yawan sa hannu.

Nan ne nake jiye maka, don na san gaggawarka tun kana yaro. Za ka ga wata halitta ta burge ka, ka so ka tsare ta daga mutuwa. Ka danne zuciyarka. A wasan kwamfuta na Spore na 2008, mai wasa ne da kansa ke zaɓar wa halitta baki da ƙafa. Ya yi kyau a ido, amma zane ne. Rashin gamsuwa da hakan ya sa wasu masoyansa suka fara nasu wasan, Thrive, kyauta, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi. Ka karanta, ka kuma bar naka a buɗe.

Sai yawan sauyin da kake sawa tsakanin uwa da 'ya. In ya yi yawa, abin kirkin da aka samu zai watse kafin a gaje shi. In ya yi kaɗan, zuriya dubu za ta wuce suna nan jiya i yau. Ka riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka taɓa, ka ajiye kwafi.

Mahaifiyarka ta tambaya ko wannan ba shisshigi ba ne. Na ce mata lissafi ne, rai na Allah ne, kuma na san ka san haka. Ta ce a gaya maka ka bar kwamfutar ta kwana tana aiki, kai ka yi barci.

Mai birgimar nan kuwa, ka ajiye mini ita. Ina son ganin jikokinta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka